Daga Dammam zuwa Tarut, a Kan Ƙasar da Aka Ƙwato daga Teku

Jirgin ƙasa ya ɗauko ni daga Riyad, ya bi ta Hufuf, ya sauke ni a Dammam, birnin da ke bakin teku a gabashin Saudiyya, bayan kimanin awa huɗu. Kawuna ne ya tarye ni, mutumin da ya baro Makka tun yana saurayi, ya shafe ƙuruciyarsa yana tuƙa tifa a wannan gaɓar teku. Washegari bayan sallar asuba muka kama hanyar Ƙaɗif, wani gari da ke arewa da Dammam.

Mun bi ta bakin teku, wurin shaƙatawar da ake kira kurnish, inda ciyawa ke shar, ga dabino a jere, ga tsibirin Marjan da ɗan Adam ya gina da hannunsa. Ina cikin yaba kyan wurin sai Kawu ya rage gudu kusa da Saihat, ya nuna wata unguwa mai manyan gidaje. "Ɗana," in ji shi, "nan duk taɓo ne da ruwa. Ina cikin waɗanda suka yi ta juye yashi da duwatsu a nan, dare da rana, har teku ya ja da baya." Larabawan wurin suna kiran wannan aiki radam, wato cike ruwa a mayar da shi fili. Tun da aka samu man fetur a rijiya ta bakwai ta Dammam a 1938 garuruwan nan suke ta faɗaɗa, kuma ruwa marar zurfi shi ne mafi sauƙin cikewa, shi ya sa gaɓar Tarut ta fi jin jiki.

Sai da muka tsallaka zuwa tsibirin Tarut, a kan hanyar da ita ma cike ta aka yi, na ga abin da aka binne. Ruwa ya janye, ya bar laka mai faɗi, kuma a gefe guda akwai ragowar kurmin wata bishiya da suke kira kurm. Gajeruwa ce, tana tsaye cikin ruwan gishiri, tana fitar da gishirin ta ganyenta, saiwoyinta kuma sun ɓullo daga cikin laka kamar tsinke domin su sha iska. Na durƙusa na ga ƙananan ƙaguwa suna shige da fice a ramukansu. Wani dattijo masunci da muka gaisa da shi ya ce a tsakanin waɗannan saiwoyi jatan lande, wanda suke kira rubyan, da 'ya'yan kifi suke girma kafin su fita teku. Ya ƙara da cewa ba sai an sare bishiyar take mutuwa ba: idan hanya ko katanga ta tare cikar ruwa da janyewarsa, laka ta bushe, kurmin zai ƙone a tsaye.

Nan na tuna kududdufan Kano da mahaifina yake yawan ambata, waɗanda aka cike aka yi gini a kansu. A ganina kuskuren ɗaya ne, wato ɗaukar wuri mai ruwa a matsayin wurin banza don kawai babu mai noma shi.

Gaskiya ne an farga. Akwai wurin kiyaye kurm da kamfanin man fetur na Aramco ya buɗe kusa da Ras Tanura, kuma shirin gwamnati na dashen itatuwa da aka ƙaddamar a 2021 ya haɗa da wannan bishiya. Na ga ƙananan dashe a jere cikin laka, abin ya faranta mini rai, sai dai ba a dasa su inda siminti ya riga ya zauna.

Da yamma muka tsaya a kasuwar kifi ta Ƙaɗif. Na ce, "Kawu, da kun san haka, da kun yi aikin?" Ya daɗe yana kallon kwandon rubyan da ke gabansa, sannan ya ce a lokacin babu wanda ya taɓa gaya musu akwai wani abu mai rai a cikin taɓon.