Giɓin da aka bar mini a katanga

Har yau abin na ci mini tuwo a ƙwarya. Yaƙin clan (wato ƙungiya da ƙungiya) muke yi a wasan waya na Clash of Clans, harin ƙarshe nawa ne, tauraro biyu kacal muke nema cikin ukun da ake iya ci a hari ɗaya. Da na leƙa sansanin abokin gaba sai na hango giɓi a katangarsa ta gefe guda, kamar mai gida ya manta bai toshe ba. Na ce faɗuwa ta zo daidai da zama, nan na sauke ƙattan mayaƙana, wato Giants, gaba ɗaya.

Ashe ba mantuwa ba ce. Sojan ƙasa in ya ga hanya a buɗe kusa da shi, ba ya tsayawa dukan katanga, bi yake yi. Haka suka jeru cikin lungun nan, tarkon sifirin ya yi ta cilla su sama, waɗanda suka tsira babban bam ya ƙarasa su. 'Yan fasa katangar da na turo a baya ko jikin bango ba su kai ba. Jarumata maharbiya Archer Queen kuwa ta liƙe tana harbin wani ɓangaren katanga har minti ukun da ake bayarwa na hari suka cika. Tauraro ɗaya na samo, shi ma da ƙyar.

Abin da ya fi ƙona mini rai, katangar mutumin nan ba ta ko kama ƙafar tawa ba. Ni da na yi ta zuba zinariya da elixir, kuɗin cikin wasan, ina ɗaga bango, shi ya zauna ya yi lissafin inda zai kora mayaƙana kamar makiyayi da garke. Giɓi ɗaya ya yi masa aikin da tsadar katangata ba ta taɓa yi mini ba.

Daga ranar na rushe tsarin sansanina. Na daina zagaye komai da zobe ɗaya, na yanka shi ɗaki-ɗaki, yadda duk wanda ya fasa bango ɗaya zai tarar da wani a gabansa, manyan bindigogi suna ta ruwan wuta a kansa. Na bar nawa giɓin, na shimfiɗa tarkuna. Wallahi ranar da na kalli bidiyon wani yana faɗawa ciki, sai da na miƙe tsaye.

In kai ne mai kai hari, kada ka yarda da ƙofar da ba kai ka buɗe ba. Tura ƙananan mayaƙa Barbarian ɗaya ko biyu su taka hanyar tukuna, ko ka fasa taka: sihirin girgizar ƙasa na Earthquake guda huɗu suna rusa katanga kowane mataki take, sihirin Jump kuma ya tsallakar da kai.

Sannan in kai ne mai tsaro, ka tuna cikin mayaƙa Hog Rider tsallake bango yake, Miner ta ƙarƙashin ƙasa yake bi, Dragon da Balloon kuwa ta sama suke bi, ba ruwansu da shi sam. Don haka kafin ka ƙara ko sisi a katanga, ɗaga Air Defense ɗinka, makamin kakkaɓo masu tashi sama, tukuna.