Zaren rama a cikin roba: amfaninsa da iyakarsa

Wanda ya taso a karkarar ƙasar Hausa ya san rama ta fuska biyu, ganyenta na kwaɗo, ɓawon karanta kuma na igiya. Akwai fuska ta uku da ba kasafai muke kula da ita ba, ko da yake tana kusa da mu a nan Legas. Idan ka shiga kasuwar kayan mota ta Ladipo ka juya bayan shafin ƙofar wasu motocin Turai, za ka ga wani abu ruwan ƙasa, dannanne, da siraran zaruruwa kwance a jikinsa. Zaren tsiro ne aka gauraya da roba aka matse da zafi, kuma rama tana cikin tsiran da ake wannan aiki da su, tare da zaren lalo, da na ɓawon kwakwa.

Dabarar ita ce wadda magini yake bi idan ya cuɗa ƙasa da ciyawa kafin ya yi tubali. Zaren ne yake ɗaukar ja da lanƙwasa, ita kuma roba ta riƙe shi wuri guda, ta raba masa nauyi, ta kare shi. Motar Trabant da Jamus ta Gabas ta fara ƙerawa a 1957 an yi jikinta da ragowar auduga da aka cuɗa da wani irin ƙaron roba. Kamfanin Toyota ya yi murfin tayar ko-ta-kwana da zaren rama a 2003, BMW kuma ya sa shi a ƙofofin motarsa mai lantarki i3 da ta fito a 2013.

Babban abin da ya ja hankalin injiniyoyi shi ne rashin nauyi. Zaren gilashi, wanda aka saba ƙarfafa roba da shi, yana kai kimanin giram 2.5 a kowane curi mai tsawo da faɗi da kauri santimita ɗaya-ɗaya, na tsiro kuwa bai cika wuce giram 1.5 ba, kuma mota mara nauyi ba ta shan mai sosai. Sannan gilashi sai an narka shi a wuta mai zafin da ya haura digiri 1,000, alhali rama cikin damina ɗaya take kai wa yanka. Masu gyaran kwalekwalen faiba, wato roba mai zaren gilashi, a bakin ruwan Legas sun san ƙaiƙayin da ƙurar gilashi ke sa wa fata, wanda zaren tsiro ba ya yi.

Sai dai ina ganin masu tallar wannan fasaha suna yawan tsallake matsalar ruwa, kuma a gari irin Legas ita ce ya kamata a fara ambata. Zaren tsiro yana shan danshi ya kumbura, roba kuwa ba ta son ruwa, don haka tun farko ba su cika kama juna da kyau ba. Idan zaren ya kumbura ya motse sau da yawa, sai ya saki robar, ƙarfin allon ya ragu, wani lokaci har fumfuna ta shiga. Ana rage wannan ta hanyar jiƙa zaren a ruwan soda, irin wadda mata ke yin sabulu da ita, don ta wanke maiƙo da dattin jikinsa robar ta sami wurin kamawa, amma ragewa ce kawai. Haka kuma zaren yana fara lalacewa idan zafi ya kai wajen digiri 200, shi ya sa ake haɗa shi da robar da ke narkewa ƙasa da haka, musamman folifirofilin, wadda ake yin kujerun biki da bokitai da ita. A ra'ayina wurinsa shi ne cikin ɗaki da cikin mota: silin, allon raba ɗaki, bayan kujera. Duk wanda ya ce maka zai yi rufin da zai jure ruwan Yuni a Ajegunle da shi, ka nemi ganin sakamakon gwaji tukuna.

Akwai kuma maganar ruɓewa. Tun da gwamnatin Legas ta haramta robar zuba abinci ta soso a Janairun 2024, duk abin da aka ce daga tsiro yake sai mutane su ɗauka zai narke a bola. Ba haka ba ne. Idan robar da ta riƙe zaren daga man fetur aka yi ta, allon zai zauna a jujin Olusosun kamar sauran robobi, kuma 'yan uwanmu masu jari-bola ba za su sami kuɗi mai kyau a kansa ba, domin masu narkarwa sun fi son roba zalla. Ribar gaskiya ita ce an rage yawan robar da ke cikin kayan, an kuma kauce wa gilashi.

Abin da ya fi damuna shi ne giɓin da ke tsakanin gona da masana'anta. Cibiyar binciken aikin gona ta IAR&T da ke Ibadan tana aiki a kan irin rama, cibiyar binciken masana'antu ta FIIRO kuma tana nan Oshodi, ga kwakwa a Badagry, ga masana'antun roba a Ikeja da Ota. Amma manomi yana jiƙa ramarsa a kududdufi ne, ya tsame ta ranar da idonsa ya gaya masa ta yi, ya shanya a ƙasa, shi ya sa damin wannan ba ya zama daidai da na wancan a tsawo ko tsabta ko bushewa. Igiya ba ruwanta da wannan bambanci, amma inji yana da ruwa da shi, kuma mai masana'anta ba zai sayi zaren da ƙarfinsa ke sauyawa daga tirela zuwa tirela ba. Ana buƙatar wuraren saye a kusa da manoma, masu injin ɓare kara, da rumfar shanya, da ma'aunin danshi, waɗanda za su ware zaren aji-aji su ɗaure shi kafin a loda shi a motocin da ke kawo tumatir da albasa kasuwar Mile 12 ta Legas.