Godiya bayan horon ɗalibanmu kan tattalin mai da ban ruwa da hasken rana

Assalamu alaikum 'yan uwa. Alhamdu lillahi, an tashi lafiya. Yara sun koma gidajensu babu wanda ya samu ko ƙwarzane, kayan aro sun koma hannun masu su, ni kuma muryata har yanzu ba ta dawo ba. Masu kira ku yi mini afuwa, ina ganin kiranku, gajiya ce ta hana ni ɗagawa.

Kun bi komai, tun daga neman kuɗin mota har zuwa sauya wurin taro, ba sai na maimaita ba. Dalilin da ya sa na nace sai an yi horon nan kuwa kowa a nan ya san shi. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, litar fetur da ba ta kai naira 200 ba sai da ta haura 1,000 kafin ƙarshen 2024. Wanda ruwan madatsar Tiga ke gangarowa har bakin gonarsa a Kadawa nasa da sauƙi. Mu na gefe sai an ja da inji daga rijiya ko rafi, kuma na ga iyayen ɗalibaina da suka rage fangali, wasu suka haƙura da noman rani ɗungurungum. Yaran nan su ke ɗaukar jarka zuwa wurin 'yan bumburutu, su ke tsayuwa a bakin inji. Idan ba su aka koya wa inda mai ke zurarewa ba, wa za a koya wa?

Sun gani da idonsu. Muka zuba mai daidai wa daida a inji biyu, ɗaya da tsohon tiyo mai yoyo an girke shi can saman gaɓa, ɗaya an ɗaure yoyon an sauko da shi kusa da ruwa, an wanke matatar iska an goge fulogi. Su da kansu suka ƙirga fangalin da kowanne ya shayar kafin ya mutu, ban ce musu komai ba. Daga nan maganar daidaita fangali don kada ruwa ya taru a gefe guda, da shayarwa da sassafe ko yamma, da rufe ƙasa da buntu ko busasshiyar ciyawa don ta riƙe laima, duk ta shiga ba gardama.

Amma abin da ya hana ni barci ranar ƙarshe ce. Dagaci ya zauna, iyaye sun cika, muka haɗa injin sola da muka aro, ruwa ya ƙi fitowa sai ɗan tsiyaya. Hazo ya rufe gari, farantan solar kuma sun sha ƙurar hanya a bayan mota. Na fara jin ƙus-ƙus ta bayana, ana cewa dama kayan 'yan boko a baki suke aiki. Wallahi gwiwata ta yi sanyi, don na san idan aka watse a haka, duk abin da yaran suka koya ya zama abin dariya a gidajensu.

Sai dattijon da ya ba mu aron lambunsa ya miƙe. Na san ba ya son a ambace shi, amma Baba, ka yafe mini, sai na faɗa. Ya cire hiramin da ke kafaɗarsa, ya tsoma a bokiti, ya ce, "Malam, kwantar da hankalinka. Jikokina, ku zo ku kama mini." Mutum mai shekarunsa ya durƙusa gaban jama'a yana goge faranti ɗaya bayan ɗaya, 'yan mata na miƙo masa ruwa, samari suka ƙara juya farantan suna fuskantar kudu kamar yadda muka yi a aji. Kafin su gama na ƙarshe tiyo ya fara motsi, ruwa ya ɓalle cikin albasa, yara suka ɗauki kabbara. Mutumin nan bai taɓa mallakar sola ba, kuma ranar ya kamata a ce yana kasuwar Kwanar Gafan da tumatirinsa. Ya bar cinikinsa don kada in ji kunya.

Baba, Allah Ya suturta ka duniya da lahira yadda ka suturta ni. Allah Ya yi wa zuri'arka albarka, Ya cika rumbunka, Ya kai ka Makka da Madina, Ya jiƙan mahaifanka.

Bakaniken da ya taho a babur ɗinsa ya ƙi karɓar ko kuɗin mai, har ya tsaya yana gargaɗin yara kan haɗarin injin da aka mayar na gas idan bututu na yoyo, Allah Ya buɗa maka. Matan unguwa da suka ciyar da yara da ɗanwake da kunu, da uwargidana da ta yi ta fama da baƙi, Allah Ya saka da Aljanna. Ranka ya daɗe Dagaci, mun gode da zama har ƙarshe cikin wannan sanyi.

Akwai 'yan uwa na jini da na yi ta duba hanya ko zan hango su, gonakinsu ma ba su da nisa da wurin. Wataƙila uzuri ne ya riƙe su. Allah Ya bar zumunci.

Iyaye, roƙona ɗaya: kowane ɗalibi ya tafi da ɗan littafin da zai riƙa rubuta man da aka zuba da fangalin da aka shayar har zuwa girbi. Don Allah ku bar su su taɓa injin, ku kuma saurare su idan sun ce a ɗaure tiyo.