Tashar nukiliya da ruwan da ke kusa da ita

Da an ce tashar nukiliya sai hankalin mutane ya tafi Chernobyl da Fukushima, wato fashewa, amma ni abin da ya fi tsaya min a rai ruwa ne, wanda ko komai na tafiya lafiya lau sai an taɓa shi kullum. Ita tashar fa kamar ƙatuwar tukunya ce, a tafasa ruwa tururi ya juya inji, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku na zafin ne kawai yake zama wutar lantarki, sauran dole a san inda za a kai shi. Shi ya sa ake gina su a bakin ruwa, Bruce ta Kanada na bakin tafkin Huron, Pickering na bakin tafkin Ontario. Su zuƙo ruwa mai sanyi su mayar da shi da ɗumi, shi kuma ruwa in ya yi ɗumi iskar da kifi ke shaƙa a cikinsa raguwa take, ga ƙananan kifi da ƙwansu da injin ke haɗiyewa, har sai da aka sa raga a mashigar ruwan Pickering saboda haka. A Faransa lokacin zafin 2022 kogin Rhône da Garonne sun yi ɗumi sosai, wasu tashoshin suka rage wuta, wasu kuma aka ɗaga musu ƙafa na ɗan lokaci su ci gaba da zubar da ruwan ɗumin.

To amma wanda ba a gani ya fi ban haushi. Akwai wani sinadari tiritiyum da ke samuwa a cikin tashar, ɗan gidan haidurojin ne, shi kuma ruwa akwai haidurojin a jikinsa, saboda haka shiga jikin ruwan yake ya zama ruwan kansa, babu matatar da za ta cire shi cikin sauƙi, sai dai a jira, kuma sai ya yi shekara 12 da ɗoriya kafin rabinsa ya ƙare. Ko a Fukushima injinan tacewarsu sun kasa shi, shi ne suka fara sirka ruwan da ya gurɓata suna sakewa a teku daga 24 ga Agusta 2023.

A tashar Monticello da ke Minnesota a Amurka wani bututu ya yi yoyo a Nuwamba 2022, a ƙiyasin farko kusan lita miliyan 1.5 na ruwa mai tiritiyum ya tsiyaye ƙasa dab da kogin Mississippi. Kamfanin ya sanar da hukuma nan da nan, amma mutanen gari sai a Maris 2023 suka ji. Hukuma ta ce bai kai ga ruwan sha ba, kuma gaskiya tiritiyum ba shi da ƙarfi sosai, ban ce guba ce mai kisa nan take ba, hayaƙin tashar kwal ma ya fi shi ɓarna nesa ba kusa ba. Amma wata huɗu ana shiru fa? Haba.

Abin da ya tona yoyon nan rijiyoyin awo ne da aka haƙa a harabar tashar ana ɗibar ruwansu ana gwadawa a kai a kai. Najeriya ta sa hannu da Rosatom, kamfanin nukiliya na Rasha, a 2017 kan gina tasha, ana ambaton Geregu a Kogi kusa da kogin Neja da Itu a Akwa Ibom, inda mutane da yawa rijiya da burtsatse suka dogara da su, ga masunta. In maganar ta sake tasowa ni abin da zan fara nema a takardun shi ne rijiyoyin awo nawa za a haƙa, wa zai riƙa gwada ruwan ban da kamfanin, kuma kwana nawa doka ta ba su kafin su faɗa wa mai unguwa.