Apu da Maigadi

Daren jiya ina kallon The Simpsons, shirin katun na barkwanci na Amurka, sai ga Apu, Ba'indiyen nan mai kanti. Da can in ya buɗe baki har hawaye nake don dariya, jiya kuwa dariyar maƙalewa ta yi.

Ashe Bature ne, Hank Azaria, ya yi kusan shekara 30 yana kwaikwayon muryar. Sai a 2020 ya ajiye, bayan Hari Kondabolu, wani ɗan barkwanci Ba'amurke ɗan asalin Indiya, ya fito da fim a 2017 kan yadda ake tsokanar 'ya'yan Indiyawa da ita a Amurka.

Ni dai maigadin finafinan Kudu ne ya faɗo mini a rai, rediyo manne a kunne. Ranar da na fara sauka Legas, kwandasta ya kwaikwayi muryar Bahaushe irin ta maigadin nan ya ce mini "aboki", mota ta kwashe da dariya. Wallahi har ni na taya su.