Saƙon Godiya Bayan Sujadar Tunawa da 'Yan Mazan Jiya

A madadin kwamitin da dattawan ikilisiya suka ɗora wa nauyin shirya sujadar tunawa da 'yan mazan jiya, ina miƙa godiya ga dukan waɗanda suka halarta ranar Lahadin da ta gabata, da waɗanda aiki ko rashin lafiya ya hana su zuwa amma suka aiko da sunayen 'yan'uwansu. Yabo da ɗaukaka su tabbata ga Ubangiji Allah, wanda ya tara mu lafiya, ya kuma sallame mu lafiya.

Muna godiya ga iyayenmu tsofaffin sojoji, waɗanda suka zo da lambobinsu a ƙirji suka zauna a layin gaba, wasunsu sai da jikoki suka riƙe musu hannu kafin su hau matakalar majami'a. Muna godiya ga Zumuntar Mata da suka ciyar da baƙi, ga ƙungiyar mawaƙa, da kuma yaranmu na Boys' Brigade, musamman wanda ya busa begila kafin a yi shiru na minti ɗaya.

Matasa da dama sun tambaye ni bayan an tashi dalilin da ya sa ake wannan hidima a watan Janairu. A dā Najeriya tana yin ta ne ranar 11 ga Nuwamba tare da sauran ƙasashen renon Ingila, domin a ranar ce aka tsagaita wuta a Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1918. Daga baya aka mayar da ita 15 ga Janairu, ranar da Philip Effiong, shugaban riƙo na Biyafara, ya miƙa wuya ga Janar Yakubu Gowon a barikin Dodan da ke Legas a 1970, aka kawo ƙarshen yaƙin basasar da ya fara a watan Yulin 1967. Shi kansa sunan Dodan daga ƙasar Bama (Myanmar ta yanzu) ya fito, kamar yadda sunan barikin Kalapanzin a Kaduna da na Chindit a Zariya suka fito daga yaƙin da kakanninmu suka yi da sojojin Japan a can Bama lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, a ƙarƙashin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma. Kullum muna wucewa ta ƙofar waɗannan barikoki, amma kaɗan ne daga cikinmu suka san cewa a maƙabartar Taukkyan da ke kusa da birnin Yangon na ƙasar Bama akwai ginshiƙai masu ɗauke da sunayen mutum kusan 27,000 da ba a san kabarinsu ba, kuma a cikinsu akwai 'ya'yan ƙasar nan.

Godiya mafi girma tana ga iyalan da suka yarda aka karanta sunayen nasu a gaban jama'a. Jerin ya fara daga waɗanda suka tafi Bama ba su dawo ba, ya biyo ta kan yaƙin basasa, da Laberiya da Saliyo a zamanin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma, har ya zo kan samarin da suka faɗi a Borno da Yobe, waɗanda da yawa daga cikinmu mun halarci bikin aurensu. Mun san irin zafin da uwa take ji idan ta tsaya a tsaye tana jin ana kiran sunan ɗanta, kuma ba mu ɗauki wannan haƙuri da wasa ba.

Ba zan ɓoye ba cewa an yi muhawara a kwamiti kafin ranar. Wasu sun ga bai dace a karanta sunayen sojojin da ba Kirista ba a cikin majami'a, wasu kuma ba su ji daɗin a ambaci waɗanda suka mutu a ɓangaren Biyafara ba, balle yaran da yunwa ta kashe a can. Akwai kuma masu tsoron kada hidimar ta zama addu'a domin matattu, abin da ikilisiyarmu ba ta koyarwa. Muna godiya ga Baba Rabaran, wanda ya warware wannan duka daga kan bagade cikin natsuwa. Ya bayyana cewa hukuncin wanda ya mutu yana hannun Allah shi kaɗai, namu shi ne mu gode wa Allah saboda rayuwarsu, mu kuma yi roƙo domin waɗanda suka bari. Sa'an nan ya buɗe 2 Sama'ila sura 23, inda aka jera jarumawan Dawuda ɗaya bayan ɗaya, ya nuna mana cewa a cikinsu akwai Ba'ammone, wanda ba Ba'isra'ile ba ne, kuma sunan da ya rufe jerin shi ne Uriya Bahitte, baƙon da sarkin da yake wa yaƙi ne ya ba da umarni a sa shi a gaba a janye a bar shi ya mutu. Littafi Mai Tsarki bai goge sunansa don a rufa wa sarki asiri ba. Ya kuma tuna mana cewa Dawuda ya yi makoki domin Saul, mutumin da ya daɗe yana farautar ransa. A ganina wannan ne wa'azin da ya fi dacewa da ƙasa irin tamu, inda Kirista da Musulmi suke kwana a rami ɗaya a bakin daga, wani lokaci harsashi ɗaya ya ɗauke su tare. Saboda haka muna godiya ta musamman ga maƙwabtanmu Musulmi da suka amsa gayyata suka zauna tare da mu har aka tashi.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne jawabin da wata uwarmu ta yi a madadin gwauraye. Ba ta yi kuka ba, ta dai ce furen da ake ajiyewa sau ɗaya a shekara ba ya biyan kuɗin makaranta, kuma akwai matan da suka shekara da shekaru suna yawo da takardu daga wannan ofis zuwa wancan ba a biya su haƙƙin mazajensu ba, wasu ma an ce su fita daga gidajen bariki tun ba su gama zaman makoki ba. Wasiƙar Yakubu sura 1 aya 27 ta ce addini na gaskiya shi ne kula da marayu da gwauraye cikin wahalarsu, don haka dattawa suka amince cewa baikon da aka tara ranar ba zai shiga asusun gini ba, za a raba shi ga waɗannan iyalai. Muna godiya ga duk wanda ya ba da, mai yawa da mai kaɗan, da kuma ɗan'uwanmu lauya da ya yi alkawarin duba takardunsu kyauta.

Ana roƙon gwaurayen da ke da fansho ko garatuti da ya maƙale su kawo kwafin takardunsu ofishin ikilisiya bayan sujadar Lahadi mai zuwa. Iyalan da ba a karanta sunan nasu ba, ko aka yi kuskure wajen faɗar muƙami ko shekarar rasuwa, su ma su zo a gyara, domin littafin sunayen zai kasance a buɗe a ofis har ƙarshen watan Fabrairu.

Naku cikin Almasihu,
Sakataren Kwamitin Shirye-shirye