Abin da hawa rufin gine-gine ya koya min game da jiniya

Kafin na zo Jamus karatu, ni dai jiniya a wajena ta ayarin gwamna ce ko ta 'yan kwana-kwana ko motar asibiti, ban taɓa kawowa a raina akwai wadda ake kafewa a saman gini ta yi shekara hamsin tana jiran ranar da bala'i zai zo ba. Sai da na samu gurbin sanin makamar aiki a wani ɗan ƙaramin kamfani a jihar Saksoni, masu duba jiniyoyin ƙauyuka. Aikina na farko mai sauƙi ne a baki, wai in riƙa bin maigidana muna zagayawa, ina rubuta wace iri ce a kan wane gini, kuma wane hali take ciki.

Wadda na fara haddacewa ita ce E57, dan ita ce ta cika ƙasar. Daga ƙasa kamar an kifa wa ƙarfe malafa, ko ka ce lemar kwaɗi. A ƙarƙashin malafar injin lantarki ne mai kilowat 5 yana juya wata fanka a cikin gida mai ramuka 9, iska tana fita ana datse ta tana fita ana datse ta, wannan datsewar ce kukan da kake ji. Maigidana ya sa na yi lissafin da hannuna a cikin mota, ramuka 9 sau juyi 2800 a minti, ka raba da 60, ya ba ka 420. To muryar E57 kenan, 420 Hz, wato ana datse iskar sau 420 a daƙiƙa ɗaya. Wallahi ranar na ji daɗi sosai, abin da muke yi a allo ne ga shi yana ihu a saman ofishin 'yan kwana-kwana.

Sati na uku ne na yi kuskure. Mun tsaya wani ƙauye ana yayyafi, na ɗaga kai na ga malafa, kawai na rubuta E57 na dawo mota. Maigidan nan, dattijo ne da ya fara aikin tun zamanin Jamus ta Gabas, ya kalli takardar ya ce "yaro, ka hau ka gani da idonka?" Na ce a'a ranka ya daɗe, amma ai siffar ta nuna. Bai yi faɗa ba, tsani ya sauko min da shi. Sai da muka fara kashe wutarta tukuna muka sa kwaɗo a akwatin, saboda daga cibiya ake tayar da su ta rediyo, in ta tashi kana rungume da ita to kunnenka ya tafi, kai ma kana iya faɗowa. Na hau, na goge tsatsa da kashin tsuntsaye daga ɗan allon ƙarfen da ke jikinta, sai ga DS977. Ta Jamus ta Gabas ce, ita ma da malafarta, amma muryarta ta ɗan fi ƙasa, wajen 385 Hz, kuma kayan gyaransu ba ɗaya ba ne. Da takardata ta wuce haka nan da an yi odar abin da ba zai shiga ba, ƙauyen kuma su ƙara makonni jiniyarsu ba lafiya.

Daga nan na daina yarda da hange. Ita kanta E57 ɗin ma ba kamfani ɗaya ya ƙera ta ba, tsari ɗaya ne aka bai wa kamfanoni da dama, dan haka ko ka tabbatar E57 ce sai ka karanta allon ka san ta waye.

Sababbin kuwa ba fanka a cikinsu sam, lasifikoki ne aka jera a jikin ƙarfe, su ƙirga ake yi. A jerin ECN na kamfanin Hörmann, bakin lasifika 4 ita ce ECN 600, guda 8 kuma ECN 1200, lambar tana gaya maka wat nawa ne. Da daddare na kan kalli bidiyon na Amurka a YouTube, can da suke fama da guguwa, na gane Thunderbolt ta Federal Signal da dogon bakinta mai kusurwa huɗu da ke juyawa, da Whelen masu kama da faranti an ɗora wani kan wani. Akwai masu sha'awar jiniya waɗanda daga sauti kaɗai za su gaya maka samfurin, kuma ba tsafi ba ne, mai inji in an yanke mata wuta a hankali take sauka tana gurnani har fankar ta tsaya, kunne yana sabawa da wannan.

Amma abin da ya fi tsaya min a rai ba sunayen ba ne. E57 da DS977 duk wuta mai layi uku suke ci, tiri-fes ɗin nan, babu batir. In ambaliya ta ɗauke wutar gari to shiru za su yi, a daidai lokacin da ake neman su. Masu lasifika suna da batir, wasu ma ana iya magana ta cikinsu. Ashe layin nan da nake cikewa a takarda, shi ne zai gaya wa hukuma ko ƙauyen nan zai ji gargaɗi cikin duhu ko ba zai ji ba. Bayan yaƙin cacar baka an cire jiniyoyi da yawa a Jamus ana ganin an gama da su, sai ga ambaliyar kwarin Ahr a watan Yulin 2021 ta kashe mutum sama da 130, da dama suna cikin gidajensu da dare, wurare da yawa ba wuta ba sabis ɗin waya. Shi maigidana ta kogin Elbe ta 2002 yake yawan ba ni labari, in ya fara sai muryarsa ta canza.

Na kuma koyi cewa kukan kansa magana ne. Minti ɗaya yana hawa yana sauka, gargaɗi ne ga jama'a, a shiga ciki a kunna rediyo. Minti ɗaya a miƙe ba yankewa, haɗari ya wuce. Wanda ake katsewa sau biyu kuma kiran 'yan kwana-kwana ne, a ƙauyukan nan yawancinsu 'yan sa-kai ne, manomi ne da makanike za su ajiye aiki su ruga.

Ranar gwajin ƙasa baki ɗaya, Alhamis ta biyu a watan Satumba ƙarfe 11 na safe, muna tsaye ni da shi a bakin wani titi tsakanin ƙauyuka biyu. Ta hagu ta fara tashi, sai ta dama ta biyo da murya ƙasa-ƙasa. Ya juyo ya ce "yaro, wacce ce wacce?" Na ce ta hagu E57, ta dama DS977, amma ba zan rubuta ba sai mun je. Ya miƙo min makullin mota ya ce to mu fara da ta dama, tsaninta ya fi tsawo.